Tafiyar Kare: Daga Kano Zuwa Birnin Shehu

Ranar Alhamis muka bar Kano, ana sallame sallar Asuba. Mu huɗu ne a motar: ni a sitiyari, Kawu a gefena, ƙanena da wani abokin aikina a baya. Ɗaurin auren ƙanin wani aminina za mu je Sakkwato, aminin da muka kwana ɗaki ɗaya da shi shekara huɗu a jami'a. But ɗin ya cika taf, har sai da ƙanena ya hau murfin ya danna kafin ya rufu: jakunkunanmu, rabin buhun shinkafa na gudummawa, katan biyu na lemo, da atamfofin da matata ta aika wa uwar ango. Tun daren Laraba na cika tanki da man naira 58,000, na sa aka yi wa tayoyi geji, na duba baƙin mai da ruwan lagireto. A ganina babu abin da na bari.

Sai dai akwai wani abu da ya faru wata biyu kafin nan, wanda har na manta da shi. Wani dare ina kauce wa ɗan adaidaita sahu, tayar baya ta hannun dama ta daki bakin kwalbati. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Na fito na haska da waya, taya ba ta fashe ba, rim bai lotsa ba, na yi hamdala na wuce. Washegari na lura sitiyarin ya karkace: in ina so motar ta miƙe, sai na ɗan murza shi dama. Na kai wa wani mai alaimen, wato mai daidaita saitin tayoyi, a unguwarmu, ya shiga ƙarƙashin gaban motar, ya kwance tayarod ya ɗaure, cikin minti ashirin sitiyari ya dawo tsakiya cif. Na biya shi naira 3,000 har da godiya. Bai ko kalli tayoyin baya ba, ni ma ban ce ya kalla ba, don a sanina alaimen harkar gaba ce.

Gwarzo, Dayi, Malumfashi, duk muka wuce su ba labari. A Funtuwa muka tsaya wajen mai shayi, muka sha da burodi da ƙwai, naira 5,500 mu huɗu, Kawu yana ta mitar cewa a zamaninsa kuɗin nan ya sayi saniya. Daga Funtuwa ne hirar mota ta ragu. Duk wanda ya san hanyar Sheme, 'Yankara zuwa Tsafe ya san dalili. Ba a bin ta da dare, ba a tsayawa fitsari a daji, kuma direbobi kan jira juna su tafi a jere. Shingayen bincike kuwa na daina ƙirga su a na goma sha ɗaya. Wasu buhunan yashi ne da sojoji a bayansu, wasu gungumen itace ne da tsofaffin tayoyi. Yawancinsu ɗaga hannu kawai suke yi ka wuce. Wuri ɗaya aka sa muka buɗe but, mai binciken ya ga shinkafa da atamfa ya yi dariya ya ce Allah ya sa alheri. Wani wurin kuma aka tambaye mu ko akwai na ruwa, Kawu ya miƙa masa lemon kwalba ɗaya da fuskar da ba ta karɓar ƙarin bayani.

A nan na fara jin wani abu a motar da ban iya sa masa suna ba. In na haura gudun 100, sai in ji kamar bayanta ba ya tare da ni, kamar an ɗaura mata wutsiya tana kaɗawa a hankali. In babbar mota ta wuce mu, iskarta ta ture mu fiye da yadda na saba. Ga wani gurnani ƙasa-ƙasa daga baya. Na ɗora laifin a kan nauyin kaya da facin kwalta.

Mun wuce Tsafe kaɗan wata Golf ta haya, shaƙe da mutane da buhuna, ta manne mana tana ta kunna mana fitila. Na matsa gefe don ta wuce, ta ƙi wucewa. Na ƙara gudu, ta ƙara. Ƙanena ya juya ya leƙa ya ce, "Yaya, hannu fa yake ɗaga mana." Kawu bai ko waiga ba, carbinsa kawai ya ƙara sauri, ya ce, "Kada ka kuskura ka tsaya." Haka muka wuce dutsen Kwatarkwashi, wanda na so in nuna wa abokin aikina don bai taɓa ganinsa ba, babu wanda ya kalle shi.

A Gusau, a gidan mai, direban ya same mu. Dattijo ne siriri, hularsa ta sha zufa, goro a baki. Ya yi sallama ya ce, "Alhaji, ai kun ba ni wahala. Tun Tsahe nike biye da ku. Motarga taka tahiyar kare takai."

Na ce ban gane ba. Ya ce in na taɓa lura da kare yana sassarfa, ƙafafunsa na baya ba sa taka sawun na gaba, gindinsa a gefe yake tafiya. To haka yake hango motata, gindinta ya zame dama, har yana iya ganin gefen tayar gaba ta hagu ta leƙo. Na yi masa godiya, amma a raina na ce mutumin da ya ɗora wa Golf mutum takwas da buhun albasa ne zai koya mini lafiyar mota? Na nuna masa sitiyari na ce ga shi nan a tsaye, kwanan nan aka yi alaimen. Ya girgiza kai ya ce, "Ba gaba na ba, baya na." Kawu, wanda har lokacin bai huce da tsoron da mutumin ya ba shi ba, ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dattijon ya yi murmushi ya koma motarsa.

Muka yi Azahar, muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, muka ƙara man naira 20,000, abin da ya ɗan ba ni mamaki, don allurar ta sauka fiye da yadda take sauka a irin wannan nisa. Bungudu da Maru muka wuce su cikin zafin da ke sa kwalta ta yi ƙyalli kamar ruwa. Muna isa Talata Mafara, ƙasar shinkafar madatsar Bakolori, hadari ya haɗo daga gabas, irin na farkon damina mai fara turo jar ƙura kafin ruwa.

Ruwan bai yi ƙarfi ba, yayyafi ne mai kauri, kuma shi ne mafi sharri, don yana jiƙa ƙura da man da suka kwanta a kan kwalta duk rani, titi ya koma kamar an shafa masa karkashi. Na rage gudu zuwa wajen 80. Muka sha wata kwana ta dama lafiya lau. Sai ga wata ta hagu, ba ma mai tsanani ba, irin wadda ake sha da hannu ɗaya. Ina murza sitiyari sai na ji gindin motar ya tafi dama, hancinta ya nufi tsakiyar titi, ga tirela tana tahowa. Ban san lokacin da na ɗaga ƙafa daga totur na mayar da sitiyari ba. Motar ta kaɗa dama, ta kaɗa hagu, ta sake kaɗawa, sannan ta miƙe. Allah ne ya hana ni taka birki, ba dabarata ba. Salatin Kawu kawai ke tashi. Abokin aikina, wanda tun Gusau yake barci, ya farka yana tambayar ko mun iso.

Da gudun 50 na lallaɓa har Tureta, na tsaya wajen wani mai faci. Daga waje tayar baya ta dama lafiyarta ƙalau, zanenta raɗau. Yaron ya durƙusa ya zura hannu ta ciki, ya fizge shi da sauri yana yarfewa, waya ta soke shi. Da aka kwance ta aka mirgino ta waje, na ga abin da har yanzu in na tuna gabana ke faɗuwa. Gefenta na ciki, faɗin yatsu uku, ya suɗe tas har wayoyi sun fito suna ƙyalli, sauran fuskarta kuwa kamar ba a taɓa hawa ba. Ga zafi, ba ka iya barin tafin hannunka a kanta. Taya ce da na saya sabuwa wata bakwai da suka wuce. Ta hagun ma gefenta na ciki ya ci, bai dai kai waya ba. Yaron ya ce in shafa ta. In ka shafo daga wannan gefe sumul, in ka koma ta ɗaya gefen sai ka ji kaifi kamar haƙoran zarto. Aka sa safaya, na ba shi naira 1,000, muka kama hanya kamar masu rakiyar amarya. Dange, Shuni, Kwannawa, muka shiga Sakkwato ana kiran Magariba.

A Mabera aka sauke mu, gidan yayan aminin nawa. An gyara mana ɗakin baƙi da katifu, amma babu wanda ya iya kwana a ciki. Mu Kanawa muna cika bakin mun san zafi, to na Sakkwato daban ne. Ruwan da ya jiƙa mu a hanya bai leƙo garin ba, bango kuwa har tsakar dare yana huci kamar tanda. Muka fito da tabarmi tsakar gida, sauro ya karɓi rabonsa. Abin da ya wanke mini rai furar da aka kawo mana ce, wadda su suke ce wa hura, a ƙwarya, da nono mai kauri da ba a yi masa ha'incin ruwa ba. Na sha fura a wurare da yawa, amma a nan na gane cewa abinci ce sosai, ba abin jiƙa maƙoshi ba. Bayanta aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, Kawu ya ci har ya manta da tirela.

Da safe yayan aminina ya ɗora ni a kabu-kabu muka je nemo bakanike. Shi kansa hawa babur ɗin ya zame mini baƙon abu, don tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, a Sakkwato kuwa su ne ƙafar gari. Wanda ya kai ni wurinsa tsoho ne, kowa Baba yake ce masa, garejinsa inuwar dogon yaro ce da rami ɗaya. Da aka kawo motar bai taɓa sifana ba. Ya sa yaronsa ya share yashin filin da tsintsiya, ya ce in tuƙo a miƙe in wuce. Na fito muka tsaya kan sawun. Mota mai lafiya in ta miƙe, tayoyin baya kan hau sawun na gaba ne. Tawa sawunta huɗu, na baya sun zame dama da kusan faɗin yatsu uku.

"Mi anka yi mata?" ya tambaye ni. Na ba shi labarin kwalbati da mai alaimen. Ya ce, "Awo. Sun gyara maka sitiyari, sun ɓoye maka ciwo."

Sannan ya ɗauko zare ya ja shi a gefen motar daga gaba har baya, ya ɗaure a jikin bulo, ya daidaita shi da tsakiyar tayoyin. Ya sa tef ya auna daga zaren zuwa leɓen rim ɗin baya ta gaba, ya sake aunawa ta baya. Bambancin milimita 14. Gaban tayar ya buɗe waje. Ya miƙe tsaye ya nuna mini da ƙafafunsa: ya haɗa tsinin yatsunsa suna kallon juna ya ce wannan shi ne to-in, ya ware su kamar agwagwa ya ce wannan to-awut. Tayoyin baya na irin motata ana so su ɗan kalli ciki ne ƙanƙane, abin da ido ba ya gani, milimita ɗaya ko biyu, don shi ke sa gindin mota ya zauna daram a kan gudu da lokacin birki. In kallon cikin ya yi yawa, gefen waje na taya ke cinyewa. In suka buɗe waje, gefen ciki ke ci, kuma motar ta zama mai rawar gindi.

Ni malamin lissafi ne a sakandare, don haka ina tsugune a wurin na ciro waya na buga. Rim mai inci 16 faɗinsa ya ɗan haura milimita 400. Karkatar milimita 14 a wannan faɗi kusan digiri biyu ke nan. Tunda tayoyin biyu a jikin mota ɗaya suke, dole su raba rigimar: motar ta bi tsakanin inda kowacce ke kallo, kowace taya tana tafiya da saɓanin kusan digiri ɗaya. Digiri ɗaya kuwa yana nufin a kowace kilomita ana jan taya a gicciye wajen mita 17. Daga Kano zuwa Sakkwato ya haura kilomita 500. Wato na ja tayoyina a kan kwalta mai zafi, a gefe, kamar ana goga su a dutsen niƙa, fiye da kilomita takwas a yini guda, ban da wata biyun da na yi ina yawo a cikin gari. Nan na ga inda robar ta tafi, nan na ga inda man ya tafi, kuma na gane dalilin da ta hagu ta ci alhali ba ita ta daki kwalbati ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne bayanin kwanar. Baba ya ce in ka sha kwanar hagu, nauyin mota kan tayoyin dama yake komawa, kuma tayar da ke ɗauke da nauyi ita ke da magana. Tawa ta dama waje take kallo, don haka da nauyi ya hau ta sai ta ja gindin motar waje. A kwanar dama kuwa ta hagu ce ke da magana, ita kuma lafiyarta lau, shi ya sa ban ji komai ba. A busasshen titi ƙarfin kamun taya yana rufa asiri. Da ruwa ya sauka asirin ya tonu. Tayar gaba in ta karkace, hannunka zai gaya maka, don sitiyari a hannunka yake. Ta baya babu abin da ya haɗa ta da hannunka, sai dai wanda ke bin ka ya gani. Na tuna dattijon Gusau na ji kunya ta rufe ni, ga shi ko sunansa ban tambaya ba.

Da muka shiga rami ya haska mini ƙarfen da ke riƙe da tayar, wanda suke kira am. Ya tanƙware kamar baka, bushin ɗinsa, wato robar da ke mahaɗarsa, ya yage. Na tambaya ko za a gasa shi a buga ya miƙe, don aljihuna ya fara kuka. Ya ce, "Ku Kanawa kun cika son sauƙi. Ƙarhen da anka gasa ya mutu. Ni ban yi." Ya ƙara da cewa in gode Allah motata irin wadda bayanta ke da wurin sauri ce, akwai wani noti mai faifai da ake juyawa taya ta shiga ko ta fita. Irin su Golf ɗin haya ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin baya, babu abin juyawa, in ya lanƙwashe sai dai a sauya shi ɗungurungum.

Yaronsa ya je ya samo am ɗan Beljiyam naira 18,000. Notin ya yi tsatsa ya ƙi motsi, sai da aka jiƙa shi da mai aka yi ta lallashi kusan awa guda. Na sayi taya biyu, su ma 'yan Beljiyam, naira 27,000 kowacce, bayan Baba ya sa na karanta lambobi huɗun nan na jikinsu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera. Ya ƙi wata da ta yi kyau a ido saboda ta tsufa. Kuɗin aikinsa naira 7,000. Ya kuma ce zarensa ya nuna ciwo ne kawai, ƙarshen aiki sai na'ura. Ya aika ni wani wuri mai kwamfuta inda ake maƙala wa tayoyi huɗun duka abin awo, ya ce in tsaya a kansu su fara da baya sannan su zo gaba, don gaba a kan baya ake daidaita shi. Da suka gama bayan, sai ga sitiyari ya karkace hagu, aikin mutumin unguwarmu ya fito fili, suka warware shi. Nan ma naira 10,000.

Da ƙyar na samu Juma'a a masallacin Shehu, da baƙin mai a bakin hannun rigata. Aka ɗaura aure bayan an sallame, aka raba goro da dabino, maroƙa suka yi ta yi. Ranar Asabar da hantsi muka je Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya rasu a 1817. Na zaci zan tarar da gini mai ƙawa. Wuri ne mai sauƙi a tsakiyar tsohon gari, mutane na shiga suna fita ba hayaniya, mata tsofaffi da yawa, wasu daga Nijar. Kawu ya daɗe a tsaye yana addu'a. Ya so mu ƙarasa Wurno, inda aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin Sakkwato a 1809, amma masu masaukinmu suka ce mu bari sai wani zuwan. Muka wuce ta gaban fadar Sarkin Musulmi, muka shiga kasuwa na sayo wa matata albasa da tafarnuwa, masu araha har ka ji kamar ka yi sata, da takalmin fatar jar akuya wanda Kawu ya taya mini har mai kayan ya ce shi dai a bar shi haka nan.

Lahadi da sassafe muka juyo. Tun kafin Shuni na ji kamar wata motar aka ba ni. Gurnanin ya tafi, tireloli na wucewa ba ta ko gezau. Da muka zo kwanar nan ta kusa da Mafara, wadda yanzu ta zama ta dama, babu wanda ya yi magana sai da muka wuce ta. A Gusau na zagaya gidan man nan ko zan ga Golf ɗin, ban gan ta ba. Na dai shafa tayoyin baya ta ciki, ɗumi kawai, sumul ta kowane gefe. Man da na ƙara a dawowa bai kai na zuwa ba, ko da yake shinkafa da lemon ma sun sauka.

Mun wuce Dayi, rana ta yi sanyi, sai ga wata farar mota a gabanmu, iyali ne a ciki, yara biyu sun juyo suna kallonmu ta gilashin baya. Ƙanena ne ya fara gani. Ya ce, "Yaya, dubi gindin motar can." Ya zame hagu, tayar gabanta ta dama tana leƙowa. Na matsa kusa na kunna masa fitila, na zuge gilashi na ɗaga hannu. Mutumin ya kalle ni ta madubi sau ɗaya, ya taka mota. Na bi shi kusan kilomita biyar ina fitila, yana ƙara wuta, har Kawu ya dafa mini gwiwa ya ce in rabu da bawan Allah kada in jefa shi rami. Kafin Gwarzo ya ɓace mana.